Sai da na kalli wasan nan sau biyu kafin na yarda in ce uffan

Kwana goma kenan ina danne bakina a kan wani sabon wasan dandamali mai waƙe-waƙe da ake ta gardama a kansa, saboda na ga abin ya tashi daga maganar wasa ya koma cin mutunci, wanda ya ce ya ji daɗinsa sai a ce ai bai san abin kirki ba fitilu ne suka ruɗe shi, wanda kuma ya ce bai yi masa ba sai a ce hassada ce ke cin sa ko kuma dama can ba ya son ci gaba. Wallahi abin yana damuna, don ina son irin wannan wasa tun ina yaro kuma ba na son in ga masu sonsa suna yagar juna haka.

Ranar farko mu uku muka je, ni da ƙanwata da wani aminina, kujerunmu suna can sama a bene, layi na kusa da ƙarshe. Da aka tashi muna saukowa ƙanwata idonta ya yi jawur, ta riƙe hannuna tana cewa "Yaya, wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba." Shi kuwa aminina tun kafin mu kai ƙofa ya ce "Malam, an ɓata mana dare kawai, ihu ne da tsalle-tsalle." Ni na rasa bayan wa zan bi. Gaskiyar magana rabin baitocin ban ji su ba, ganguna da ƙahonni sun danne muryoyin, ina dai ganin mutane ƙanana can ƙasa suna buɗe baki suna ɗaga hannu, na san wani abu mai nauyi yana faruwa amma ban san mene ne ba. Ita ƙanwata ashe ta riga ta saurari waƙoƙin tun a gida ta haddace su, shi ya sa ba ta rasa komai ba.

Bayan mako ɗaya na koma ni kaɗai, na samu kujera a ƙasa, tsakiya, ba nisa da dandamali. Jama'a, kamar wani wasa daban aka kawo.

To a nan nake so mu tsaya mu fahimci wani abu da masu gardamar nan suke tsallakewa. Fim idan ka kalle shi yau, na kalle shi gobe, abu ɗaya muka gani. Wasan dandamali ba haka yake ba, kowane dare sabo ake yin sa da jikin mutane da maƙogwaronsu. Kowane ɗan wasa akwai 'yar ƙaramar makirfo da ake manna masa a goshi ko a gefen kumatu a ɓoye wayar cikin gashi, sannan akwai mutum ɗaya a bayan zaure zaune gaban na'urar sauti yana ɗaga muryar wannan yana sauke ta wancan layi bayan layi, da hannunsa, a lokacin da ake yi, in ya makara da daƙiƙa ɗaya kalmar farko ta baitin ta tafi kenan. Makaɗa suna cikin rami a gaban dandamali, shugabansu yana kallon bakin mawaƙiya yana bin numfashinta. A manyan gidajen wasa na Broadway a birnin New York da na West End a Landan sau 8 ake yin wasa a mako, ka ga kuwa muryar da ta fita ranar Talata ba lallai ita ce za ta fita ranar Asabar da dare ba, wani lokacin ma jarumar ba ta da lafiya mai maye gurbinta ce ta hau. Kuma a irin wannan wasa labarin yana cikin baitocin ne, wanda bai ji baiti ba bai ji labari ba, sai ya fito yana cewa ba shi da ma'ana kuma ba ƙarya ya yi ba, abin da ya iso kunnensa kenan.

Sabon wasa kuma bai gama zama daram ba a makonnin farko. Shi ya sa ake yin nunin gwaji kafin buɗewa a hukumance, ana sayar da tikiti mutane suna kallo, da safe kuma darakta yana yanke waƙa yana ƙara wata. Wasan Spider-Man na Broadway sai da aka yi masa nunin gwaji 182 kafin a buɗe shi a watan Yunin 2011, har darakta aka canza a tsakani. Wanda ya gan shi a farko da wanda ya gan shi a ƙarshe in suka zauna gardama, kowa gaskiyarsa yake faɗa.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa nake goyon bayan wasan nan. Akwai wani wuri kafin a tafi hutun rabin lokaci, wani ɗa ya gama shiri zai yi tafiyar da uwarsa ta san ba lallai ya dawo ba, an kashe duk fitilu sai guda ɗaya a kanta, tana zaune bakin gado tana ninke masa riga. Ta fara magana ne kawai, magana irin ta kowace uwa, ka kula da kanka, kar ka manta da kaza, sai ta zo tsakiyar wata jimla muryar ta maƙale, ta yi shiru, ta warware rigar da ta riga ta ninke ta sake ninkewa, sannan goge guda ɗaya ya shigo a hankali daga cikin rami ta ƙarasa jimlar da waƙa. Ba ta ɗaga murya ba sam, kusan raɗa take yi. Daga inda nake ina ganin yatsunta suna rawa a kan wuyan rigar. Wani dattijo da ke gefena ya cire tabarau ya riƙe a hannu har aka kunna fitilu bai mayar ba. Tsigar jikina ta tashi wallahi, kuma wannan wurin ne fa a ranar farko daga bene na ɗauka ana jan lokaci ne kawai. Duk wanda ya rubuta wannan ya san aikinsa, ya san cewa waƙa tana shigowa ne a inda magana ta gaza ɗaukar abin da ke cikin zuciya.

Amma aminina ma yana da gaskiya, kuma kujera mai kyau ba ta goge gaskiyarsa ba, sai ma ta ƙara fito min da ita. Bayan an dawo hutu wasan ya yi sanyi. Waƙoƙi uku a jere duk abu ɗaya suke faɗa, yana kewar gida, yana kewar gida, har yanzu dai yana kewar gida. Sai ga wata babbar rawa a tashar jirgin ƙasa, mutum wajen ashirin da akwatuna suna juyi, fitilu kala-kala, kyau kam ta yi kyau an kuma sha tafi, to amma da aka gama labarin yana nan inda aka bar shi ko taku ɗaya bai yi ba. Ni ma'aunina mai sauƙi ne, ka cire waƙar ka gani, in labarin bai rasa komai ba to ado ce kawai. Ta rigar in ka cire ta wasan ya rushe. Ta tashar jirgi in ka cire ta babu wanda zai nema. Kuma saboda an ƙona lokaci a can, da aka zo sulhun ɗan da mahaifinsa, abin da aka shafe awa biyu ana gina mu a kai, cikin minti biyar aka dunƙule shi aka rufe labule. Wannan ya ba ni haushi sosai, don 'yan wasan sun cancanci a ba su fili su yi wannan wurin yadda ya kamata.

Na ga masu kare wasan suna ta kawo misalin wasan Les Misérables, wai ai shi ma da aka buɗe shi a Landan a 1985 yawancin masu sharhi a jaridu sun caccake shi, jama'a kuma suka yi tururuwa, ga shi har yau ana yin sa. Haka ne, ba a musu. Wicked ma da ya fito a 2003 ra'ayin masu sharhi ya rabu kuma har yanzu yana nan. To amma a tuna da wasan Carrie a 1988, wanda a zaure ɗaya wasu suna tsaye suna tafi wasu suna ihun ba ma so, kuma bayan buɗewa sau 5 kacal aka yi shi aka rufe. Don haka rabuwar kai ba ta nuna komai a kan inda wasa zai ƙare, kar wani ya ɗauko tarihi ya rufe mana baki da shi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne masu yanke hukunci daga guntun bidiyon daƙiƙa talatin da wani ya ɗauka a ɓoye da waya, hoto yana rawa sauti yana fashewa, a kan wannan za ka ce mawaƙiya ba ta da murya? Haba dai. Mutanen nan watanni suka yi suna atisaye. Sai kuma masu cewa ra'ayi riga ce kowa da irin tasa a bar maganar, ni ban yarda a tsaya nan ba, don in aka tsaya nan masu wasan ba su ƙaru da komai ba. In ka ce bai yi ba, faɗa mana wace waƙa ce, a ina ka zauna, wace rana ka je, ka ji baitocin ko ba ka ji ba. In ka ce ya yi, faɗa mana wane wuri ne ya taɓa ka, kuma ka daure ka amsa cewa rabi na biyu yana da rauni, son abu ba ya hana ka ganin inda ya karkace.

Na kira aminina jiya na ba shi labarin rigar, ya yi shiru ya ce shi sam bai ma lura tana ninke wani abu ba. Na saya mana tikiti biyu na wata mai zuwa, a ƙasa, tsakiya. Ya ce zai zo amma in sani ra'ayinsa a kan rawar tashar jirgi ba zai canza ba, na ce masa nawa ma haka, ina fatan dai kafin lokacin sun rage ta sun ba uban da ɗan ko da minti goma ne.