Ɓarawon Zuma a Ƙarƙashin Gadona

Lokacin da nake karatun aikin gona a jihar Gujarat ta ƙasar Indiya, an raba mana filayen gwaji na riɗi da damina, aka kuma umarci kowane ɗalibi ya kamo ƙwaro mai ɓarna, ya rene shi har ya girma, sannan ya rubuta rahoto. Abokan karatuna suka tsinci ƙananan ƙwari a kwalba. Ni kuwa, da yake Bakano ba ya taya ƙaramin kaya alhali ga babba a kasuwa, sai na ɗauko wata koriyar tsutsa mai kaurin yatsa, da ratsin rawaya a karkace a gefunanta, da ɗan ƙaho a gindi. Malaminmu ya ce sunanta Acherontia styx, kuma manoman riɗi na can sun san ta sarai. Ya ce in zuba ƙasa har rabin bokiti kafin in saka ta, ya yi murmushi, bai ƙara komai ba.

Daga ranar na zama baranta. Safe da yamma ina hanyar gona ina yanko mata ganye kamar mai kiwon ragon layya, tana cinyewa ta bar mini kara da kashi, tana saɓa tana ƙara ƙiba. Wata safiya na leƙa bokiti, babu ita babu alamarta.

Abokin ɗakina, wani Bazazzage, ya dube ni ya ce, "Bakano, faɗi gaskiya, nawa ka sayar da ita?" Amma da ya tabbata ta ɓata, sai wasa ya ƙare. Muka kakkaɓe katifu, muka zazzage akwatuna, shi kuma ya daina sa takalmi sai ya buga shi da bango. Na tura bokitin ƙarƙashin gado, na fara shirya uzurin da zan bayar. Ashe tana nan cikin ƙasar: idan tsutsar ta ƙoshi, takan nutse ta yi ɗan ɗaki, ta rikiɗe cikin wani jan kwanso mai sheƙi, ta kwanta shiru.

Bayan kamar mako uku, cikin tsakar dare, muka ji wata siririyar ƙara, muka ɗauka ɓera ne. Na haska tocilan, sai ga wani ƙaton faɗa-wuta manne da gidan saurona, faɗin fukafukansa ya kai kusan santimita 10, na sama duhu-duhu, na ƙasa rawaya da baƙin ratsi, a gadon bayansa kuma ga zanen ƙoƙon kan mutum, har da ramukan idanu. Na zungure shi da biro, ya sake yin tsuwwa. Kafin in waiwaya Bazazzage ya kai baranda da 'yar singileti, yana ayatul kursiyyu da ƙarfi, har ɗaliban maƙwabta suka fito da sanduna suna tambayar ina macijin yake. Cikin hayaniyar baƙon ya bi taga, ban samu na auna shi da kyau ba.

Da safe malam ya yi dariya har da hawaye. Ya ce ƙwaron ba ya cizo ba ya harbi, iska yake zuƙa ta maƙogwaro ya yi wannan kukan idan an dame shi, kuma ana samun irinsa tun daga Saudiyya da Iraƙi har Sin da Japan. Macen tana saka ƙwai ɗai-ɗai a kan ganye. Babbar sana'arsa kuwa ita ce kutsawa cikin amya ya sha zuma, ƙudan ba su cika far masa ba saboda ƙanshin jikinsa ya yi kama da nasu.

Jin haka Bazazzage ya tuna da kwalbar zumar da mahaifiyarsa ta aiko masa daga gida. Ya ɗaga ta ga haske, ya rantse ta ragu, ya ce ko ƙwaron ne ko uban gidansa, lallai ɗaya ya biya.