Wai mu yi noma a bayan gida, to ina bayan gidan yake a Nima?

Duk sanda tumatir ya yi tsada a Accra sai ka ji wani babba ya hau rediyo yana cewa kowa ya koma noman bayan gida. Maganar ba ƙarya ba ce, amma ni da na ji ta sai na leƙa taga, domin bayan ɗakina a unguwar Nima bangon wani ne, abin da ke tsakani lungu ne da mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace, ga gota, wato kwata, na bi ta tsakiya. Gidan haya ne, tsakar gidan duk siminti, nan ake girki, nan ake wanki, nan ake shanya, nan yara ke buga bol. A ina zan kafa fartanya?

Kiran ma ai ba sabo ba ne. Tun 1972 Acheampong, shugaban mulkin sojan Ghana na lokacin, ya fito da shirin ciyar da kai na Operation Feed Yourself, dattawanmu har gobe suna ba da labarin yadda 'yan makaranta da ma'aikata suka duƙufa shuka masara da rogo. A 2017 kuma gwamnati ta zo da wani shirin noma, Planting for Food and Jobs. Sai dai Accran Acheampong akwai fili a cikinta, ta yau kuwa ko wurin ajiye buta sai ka yi rigima da maƙwabci.

Kar a ce raina abin nake yi, na gwada da hannuna. Ƙarshen 2022 da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, kuɗin cefane ya daina kai ko'ina, sai na tara buhunan shinkafa guda shida da aka gama da su, na huda gindinsu, na cika da baƙar ƙasa haɗe da busasshen kashin kaji, na jera su gefen bango inda rana ke faɗowa da hantsi. Na watsa irin ayoyo, wanda 'yan Najeriya ke ce wa lalo, kwana da kwanaki shiru ba abin da ya fito. Wata Hajiya da ke ɗakin ƙurya ta kalle ni ta yi dariya ta ce, "Ɗana, ayoyo ba a shuka shi haka, ka ɗaure irin a tsumma ka tsoma a ruwan zafi tukuna, ɓawonsa tauri gare shi." Na ce to Hajiya, na yi yadda ta ce, wallahi kafin sati ya zago buhunan sun yi kore, bayan sati biyar muka sha tuwo zafi da miyar da ba a sayi ganyenta ba. Alefu, wato alayyahu, ma ya yi, barkono ya yi. Tumatir kam asara na yi, farin ƙwaro ya bi ganyen duk suka nannaɗe. Buhu biyu kuma ragon layyar wani ya gama da su a dare ɗaya, wannan maganar mun bar ta saboda zaman lafiya.

Amma abin da ya fi ba ni wahala ruwa ne. Famfo ya yi kwanaki bai zo ba, ruwan jarkar nan da ake ce wa galan ɗin Kufuor da ka saya da kuɗinka ka ɗauko a ka, za ka zuba wa ganye ne ko za a yi wa yara wanka? Dabarar da ta cece ni ita ce na riƙa yin alwala a cikin roba, ruwan da ya taru na juye wa buhunan. Mai gidan ma sai da ya yi ƙorafi wai danshi zai ɓata masa siminti, sai da na ɗora su kan bulo ya ƙyale ni.

To buhu shida sun rufa mini asirin ganyen miya, iyakarsu ke nan. Albasarmu daga Nijar take zuwa, mun ga yadda farashinta ya haukace da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, tumatir ɗin rani kuma Burkina Faso ake zuwa ɗaukowa. Babu bokitin da zai toshe wannan ramin, kuma wanda ya ce maka zai toshe, so yake ya sauke nauyinsa a kanka.

Manoman gaske fa suna nan cikin garin, mu ne ba ma kallonsu. Ka je unguwar Dzorwulu ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ka ga fangali-fangali na latas da kabeji da albasa mai lawashi, da yawan masu aikin 'yan uwanmu ne da suka zo daga arewa, tun asuba suna jigilar ruwa da gwangwanin ban ruwa biyu-biyu. Latas ɗin da ake yaryaɗa maka kan waakye, wato shinkafa da wake, da safe, daga irin wuraren nan yake fitowa. Filin ba nasu ba ne, yau ko gobe ana iya cewa su tashi, shi ya sa ba wanda zai zuba kuɗinsa ya haƙa rijiya, sai su ɗebi ruwan rafi da na gota, mu kuma mu zauna muna zaginsu wai suna ba mu ƙazanta. In da gaske ake son gari ya ci daga cikinsa, a ba mutanen nan takardar zama ta shekaru, a haƙa musu burtsatse. Wannan ya fi jawabin rediyo ɗari.

Mu ma na zango akwai namu. Masallatai nawa ne daga Nima zuwa Mamobi zuwa Madina, kowanne sau biyar a rana ruwan alwala na kwarara gota a banza? Wasu makarantun islamiyya suna da ɗan fili a gefe da ba a komai da shi sai tara ɓaraguzan bulo. Na yi wa limamin masallacinmu maganar mu sa durom a bakin wurin alwala, mu jera buhu goma a jikin katanga 'yan makaranta su riƙa kula, ya ce zai tuntuɓi kwamiti. Wata na uku ke nan ana tuntuɓar kwamiti, ni dai na riga na ajiye musu irin ayoyo cikin kwalba.