Kafin a ɗaga akori-kura sama, a fara da abin da ke taɓa ƙasa

Duk wanda ya mallaki akori-kura mai jan ƙafa huɗu da niyyar shiga daji, tambayar da yake fara yi wa bakanike ita ce: inci nawa za a ɗaga min ita? A ganinmu daga nan kuskuren yake somawa, kuma kuskure ne mai cin kuɗi, wani lokaci har da rai.

Abin da ya fi kusa da ƙasa a ƙarƙashin motar shi ne tulun difaransha, wato akwatin haƙoran da ke raba juyi ga tayoyi biyu, wanda ke tsakiyar aksil ɗin baya. Sifirin da shoka kuwa, bodi da cesis suke ɗagawa, ba aksil ba. Ko an ƙara wa mota inci 6, tulun yana nan inda yake, kuma shi dutse zai fara duka. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Idan aka cire taya mai lamba 265/65R17 aka sa mai lamba 285/70R17, tsayin tayar ya tashi daga kusan milimita 776 zuwa 831, amma rabin wannan ƙarin ne ke zuwa ƙarƙashin mota, wato milimita 27 kacal. Kuma ba kyauta ba ne. Tayar ta ƙaru da kashi 7 cikin 100, ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan haka, burki ya ƙara wahala, agogon gudu kuma zai nuna 100 alhali ana kan 107. Wanda ya zarce zuwa taya mai inci 35 ba tare da canza haƙoran difaransha na gaba da na baya ba, kuloci da giyabos ne za su biya bashin.

Saboda haka aikin farko shi ne taya mai kaurin gefe, irin wadda ake rubuta wa LT, wato ta ƙananan motocin ɗaukar kaya, tare da ma'aunin iska da famfon lantarki. Iskar da ta dace da kwalta, wajen 32 zuwa 35 a ma'aunin ƙarfin iska na psi, ita ce ke binne mota a rairayi. A sauke ta zuwa 16 ko 18, tafin tayar zai miƙe, motar ta hau saman yashi maimakon ta tona shi. A kan duwatsu 22 zuwa 25 ya wadatar. In aka yi ƙasa da 12 a kan wili na yau da kullum, shan kwana mai tsauri sau ɗaya na iya zare tayar daga bakinta. Da an dawo kwalta a mayar da iskar, domin taya mai laushi a guje zafi take ɗauka har ta fashe.

Masu goyon bayan ɗagawa suna da hujjarsu, kuma ba za a raina ta ba: mota mai tsayi ba ta saurin dukan ƙasa da hanci ko gindi wajen hawa da gangara, cikinta kuma ba ya zama a kan tudu. Gaskiya ne, amma milimita 40 zuwa 50 sun isa. A irin su Hilux, Ranger da Navara na zamani, kowace tayar gaba cin gashin kanta take yi, kuma shaf mai gaɓoɓi ne ke juya ta. In aka wuce wannan iyaka gaɓoɓin kan karkace fiye da ƙima, robar da ke riƙe giris ta yage, ƙasa ta shiga, sai a fara jin ƙas-ƙas a kwana. Tiyon burki kan ɗaure, saitin ƙafa ya ɓaci, nauyin mota ya koma sama ta yadda gangaren da a da ake bi a karkace zai iya kifar da ita.

Kuɗin da za a zuba a tsayi ya fi amfani a makullin difaransha na baya. Difaransha buɗaɗɗe yana sakin juyi ga tayar da ta fi sauƙin juyawa, shi ya sa ake ganin mota mai jan ƙafa huɗu ta tsaya cak, taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya suna wulwulawa a banza. Makulli yana tilasta wa tayoyin biyu juyawa tare. Na gaba kuwa a yi hattara da shi, yana sa sitiyari tauri kuma yana karya shaf idan aka taka totur tayoyi na murɗe. Sai farantin kariya na ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa 4 a ƙarƙashin tukunyar man inji, giyabos da tankin mai.

Na'urar jan mota kuwa, wato ganga mai lantarki da ke naɗe igiya ta janyo mota in ta maƙale, ƙa'idar da aka saba ita ce ƙarfinta ya kai nauyin mota da kayanta sau ɗaya da rabi. Motar da ke kai kilo 3,000 tana son mai jan kilo 4,500. Wannan ƙarfi a layin farko na igiya a kan gangar ake samun sa, yana raguwa yayin da igiyar ke taruwa, kuma na'urar kan zuƙi sama da amfiya 400, don haka inji ya kasance a kunne. Kada a taɓa ɗaura igiyar ja a ƙwallon jan tirela. In ya tsinke, kamar harsashi yake tashi, kuma ya sha hallaka mutane. A yi amfani da maɗaurai da aka ɗaure a jikin cesis.

Duk wannan ƙarfe nauyi ne. Akori-kura mai ƙofa huɗu kusan tan ɗaya aka ƙayyade mata, har da direba da fasinjoji. Bamba ta ƙarfe da na'urar ja suna iya cinye kusan kilo 100 tun ba a ɗora ruwa da mai ba. Kaya masu nauyi su zauna a gaban aksil ɗin baya. In aka jibge su a ƙarshen akori, motar ta yi tsalle a rami, cesis kan lanƙwashe tsakanin gidan direba da akori.

Ga mai tsallaka rafi, bututun shaƙar iska da ake jawowa gefen gilashi yana kare inji, domin ruwa ba ya matsuwa, in ya shiga silinda sandar fistin yake lanƙwasawa. Amma bai kare difaransha ba. Aksil mai zafi in ya nutse a ruwan sanyi, iskar cikinsa na tsukewa ta zuƙo ruwa ta ƙofar numfashinsa. A jona wa ƙofar siririn tiyo a kai shi sama cikin gidan inji, a yi wa giyabos haka. Bayan kowane tsallaka mai zurfi a kwance noti a duba man: in ya koma fari-fari kamar madara, a juye shi kafin a sake tafiya mai nisa.