Malamin da ke saurin ba da amsa kuɗinka kawai yake ci

Shekaranjiya da dare mun ɗan yi sa-in-sa da yayana a waya, kuma har yanzu maganar ba ta bar raina ba, shi ya sa na ce bari in zo nan in amayar da ita.

'Yarsa ta fari, wadda suke zaune tare a Ingila, ta samu tayin gurbin karatun lissafi a Jami'ar Kembirij. Sai dai tayin da sharaɗi ya zo. Bayan sakamakon A-level, wato jarrabawar kammala sakandare ta can, da ake so ta kawo, dole ta zauna wata jarrabawa da ake kira STEP a watan Yuni, takarda ta 2 da ta 3, ta samu mataki na 1 a kowacce. Wanda bai san wannan jarrabawar ba zai ɗauka cike-gurbi ce kawai. Ina! Kusan rabin waɗanda jami'ar ke yi wa tayin karatun lissafi ne kaɗai ke shiga a ƙarshe, kuma STEP ce rariyar da ke tace su. Kowace takarda awa 3 ce, babu na'urar lissafi, tambayoyi 12 ne, amma amsoshi 6 mafiya kyau kaɗai ake ƙirga wa ɗalibi, kowacce maki 20. Galibi wanda ya warware huɗu cikakku, tsaf, ya kama hanyar mataki na 1. Ku duba fa: tambaya huɗu a awa uku. Wato jarrabawar da kanta tana sa ran ɗalibi zai shafe minti arba'in ko fiye yana kokawa da tambaya guda.

Yaya ya yi abin da kowane uba zai yi. Ya nemi wani kamfanin masu koyarwa ta intanet, aka haɗa yarinyar da malami, ana biyan fam mai kauri kowace awa. Wata uku ana yi. Kullum in an tambaye ta sai ta ce darasi ya yi daɗi, malamin ya iya bayani, komai a wurinsa kamar shan ruwa. Ranar da ta ɗauki tsohuwar takarda ta rufe ƙofa ta sa agogo, tambaya ɗaya da rabi ta iya yi. Ta fito tana kuka. Shawarar Yaya ita ce a ƙara awannin darasi. Ni kuma na ce a rage, ko ma a sake malami. Ya ce, "Kai da ba ka biyan ko kwabo, baki ne da kai."

Gaskiyarsa, ban biya ba. Amma shekaruna da yawa ina koyar da lissafi, kuma na san wannan cutar domin na taɓa yaɗa ta da hannuna. Ina sabon malami, babu abin da ke min daɗi kamar in ga yaro ya cije, in karɓi alli in warware masa cikin layi biyar, ya ce "Kai, Malam!" Na daɗe ina zaton koyarwa nake yi. Ashe wasa nake nuna musu, su kuma 'yan kallo ne. Fahimtar amsar da wani ya rubuta daban, nemo hanyar amsar da kanka daban, kuma ta biyun ce kaɗai ake awo a STEP. Yawancin tambayoyinta ma haka aka gina su: kashin farko ya nuna maka wata 'yar dabara, na ƙarshe ya jefa ka inda ba ka taɓa zuwa ba, a ga ko za ka gane cewa dabarar nan ce za ta fitar da kai. Babu malamin da zai iya haddatar da kai wannan.

Na ce wa yarinyar ta ba ni kwana biyu. Na aika mata tambaya ɗaya, wadda ba ta ma kai nauyin STEP ba: ki nuna cewa in dai n cikakkiyar lamba ce da ta wuce 1, to n⁴ + 4 ba za ta taɓa zama cikin lambobin nan da ba sa rabuwa sai da kansu da 1 ba. Na ce kar ta bincika a ko'ina, kar ta tambayi kowa.

Bayan awa ɗaya ta turo saƙo cike da murna. Ta gwada 2 ta samu 20, ta gwada 3 ta samu 85, 4 ta ba ta 260, 7 ta ba ta 2405. Ta ce, "Baffa, ai kullum ko dai 2 ta raba ta ko 5." Na ce madalla, gwada 5. Shiru. Can sai ga saƙo: 629, kuma ba ta rabuwa da 2, ba ta rabuwa da 5. Ginin da ta yi ya rushe. Ta roƙe ni in faɗa mata, na ƙi. Washegari da safe ta gano cewa 629 ita ce 17 sau 37, amma ta rasa abin da za ta yi da wannan. A nan ne na yi mata hannunka-mai-sanda, jimla ɗaya tak: wace lamba ce ke tsakiyar 17 da 37? Da yamma sai ga hoton takarda. Ashirin da bakwai ce a tsakiya, goma ta kowane gefe. 27 kuwa ita ce 5² + 2, goma kuma 2 sau 5. Daga nan ta ga abin da idonta: n⁴ + 4 daidai take da (n² + 2)² − (2n)², wadda ke tsagewa gida biyu, n² + 2n + 2 da n² − 2n + 2. Ta rubuto min da manyan baƙaƙe, "NA GANI!"

Na ce mata da sauran aiki. Ba ta nuna cewa ƙaramin ɓangaren ya fi 1 ba, kuma in bai fi 1 ba, tsagewar ba ta tabbatar da komai ba. Shi ya sa ma aka cire n = 1, inda amsar ke zama 5. Layi ɗaya ne ya rage, ta rubuta shi a matsayin (n − 1)² + 1, amma mai duba takarda zai zaftare mata maki a kansa ba tare da ya ji komai ba.

To a nan ne nake ganin amfanin malami na gaskiya, kuma kar wani ya ce na ce a daina ɗaukar masu koyarwa. Yaro ba ya iya ganin ramin da ke cikin hujjarsa, kamar yadda mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Yana buƙatar wanda zai karanta rubutunsa layi-layi ya ce nan ka yi tsalle, nan ka raba da abin da zai iya zama sifiri, nan ka tabbatar da hanyar zuwa ka manta ta dawowa. Yana buƙatar wanda ya san wace tambaya ce daidai ƙarfinsa a wannan makon, wadda za ta gajiyar da shi ba tare da ta karya masa gwiwa ba. Sannan akwai dabarar zaɓe, domin cikin tambayoyi 12, takwas na tsantsar lissafi ne, biyu na ƙarfi da motsi, biyu na ƙididdiga da yiwuwar aukuwa, kuma ɗalibai da yawa ko kallon huɗun ƙarshe ba sa yi, alhali wani lokaci can sauƙin yake. Duk wannan aiki ne na malami. Amma yawancinsa yana zuwa ne bayan yaro ya riga ya sha wuya shi kaɗai, ya zo da takardu masu zane-zane da gogewa. Darasin da ɗalibi ya shigo da farar takarda ya fita da cikakkiyar amsa, an yi asarar kuɗin.

Na san dalilin da ya sa wasu malaman ke yin haka, kuma ba duka laifinsu ba ne. Uba ya biya kuɗin awa guda, ya leƙo ya tarar malami ya yi shiru yarinya na cizon biro minti goma sha biyar, me kuke zaton zai ce? Malamin da ya warware tambaya biyar a awa shi ake yabo, shi ake sake kira. Mu iyaye mu muke sayen abin da ke cutar 'ya'yanmu, saboda shi ne mai kama da aiki.

Wani abin kuma da ya kamata masu ƙaramin ƙarfi su sani: Jami'ar Kembirij da kanta tana da shirin share fagen STEP kyauta a intanet, darasi bi da bi tun daga tushe, kuma tsofaffin takardun shekaru masu yawa suna nan a buɗe. Abin da ba a samu kyauta shi ne idon da zai duba maka rubutu. In za a kashe kuɗi, a kan wannan za a kashe.

Na faɗa wa Yaya sharaɗina in yana son bakina a ciki: awa ɗaya a mako ta isa, yarinyar ta tura aikinta kwana biyu kafin darasi, kuma malamin ya yi alkawarin ba zai ɗauki alƙalami ba sai ta ƙare duk abin da ke kanta. In ya ƙi, a nemi wani. Bai amsa min ba, ya dai ce zai yi tunani, wanda a bakin Yaya ba ƙaramin ci gaba ba ne.

Ita kuwa ɗazu ta turo min hoton shafi uku, biyu da rabi duk a soke. Wata tsohuwar tambayar STEP ce ta kama tun jiya. A ƙasa ta rubuta, "Baffa, kar ka faɗa min komai tukuna."