Caji kullum akwai, sabis kullum babu

Ranar Litinin da hantsi na tsaya a wata rumfar POS a bakin Kantin Kwari, zan ciri dubu ashirin in biya kuɗin yadi. Yaron ya karɓi kati, ya daddanna, ya ɗago kai ya ce, "Baba, cajin ɗari huɗu ne fa." Na ce to, ya zan yi. Na'ura ta yi ta juyi, can ta tofo 'yar takarda, wai bai yi ba. Ban gama mayar da katin aljihu ba sai ga alat: an zare dubu ashirin da ɗari huɗu. "Matsalar sabis ce, Baba, zai dawo kafin gobe." Yau Alhamis.

Tun ranar nake ta juya kalmar nan a raina. A bakin Bature, cikakken sunan abin shi ne sabis caji, wato kuɗin da ake ɗora maka saboda an yi maka hidima. Sabis hidima, caji abin da za ka biya a kanta. Da kalmar ta iso Kano sai ta rabu biyu, kowace ta kama gabanta. Sabis ya koma sunan netwok, wanda kullum ake ce maka babu. Caji kuwa bai taɓa yin tafiya ba, ko ranar Sallah yana nan.

Da can in aka ce caji, abin da muka sani caji ofis, sai 'yan sanda su tare mota su caje fasinja, daga baya aka samu cajin waya. In ka duba da kyau, wannan sabon ma bai yi nisa da na 'yan sandan ba: hannu ne a aljihunka ba da izininka ba.

Mu fa muna da sunayenmu, kuma kowane suna yana faɗa maka wa zai karɓa, don me zai karɓa. Dillali a Dawanau la'ada yake ci, kuma sai ciniki ya faɗa, in aka watse ba a daidaita ba ko kwabo ba ya tambaya. Ɗan dako a Singa sai ya dire maka buhu a bakin mota sannan ya miƙo hannu. Kuɗin niƙa sai gari ya fito, ladan ɗinki sai riga ta shiga wuya. Wa ya taɓa jin tela ya ɓata yadi, ya riƙe shi, kuma ya ce a ba shi lada? Amma da an ce caji, baki ya mutu. Kalma ce da ba ta da fuska, ba ka san wanda za ka riƙe ba.

Ku buɗe bayanin asusunku na wata guda ku gani. A 2025 dai, ka tura kuɗi, a cire naira 10, ko 25, ko 50, gwargwadon yawansu, sannan a ɗora wa cajin kansa harajin kashi 7.5 cikin ɗari. Caji ma ana yi masa caji! In kuɗin sun kai dubu goma, ga wata naira 50 ta gwamnati. Mai ƙaramar waya ya danna lambobi, naira 6 da kwabo 98. Saƙon da zai gaya maka an cire maka kuɗi, shi ma da kuɗinsa, da naira 4 ne, a 2025 ya koma 6. Tun watan Maris na 2025 kuma, in ka sa katinka a ATM ɗin wani banki, naira 100 ce a kan kowace dubu ashirin, cirewar nan uku ta kyauta an soke ta. Ɗaya bayan ɗaya ba su kai kuɗin shayi ba, shi ya sa ba wanda ke ɗaga murya. Ni dai na ce wannan shi ne kuɗin cizo na gaskiya, kana barci yana sha.

Yaron POS ɗin ban ga laifinsa sosai ba. Shi ma sayen tsabar yake a hannun 'yan kasuwa, shi ma ana yankarsa a kowace mu'amala, ga rana ga ƙura. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai ban manta farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, da na biya dubu ɗaya da ɗari biyar don in riƙe dubu goma ta gumina. A lokacin ne kalmar nan ta yi ƙiba, har yau kuma ba ta rame ba.

Jiya na biya kuɗin A Daidaita Sahu zuwa bankina, na bi layi har azahar, aka ba ni fom na cike. Na tambayi ma'aikaciyar, to ɗari huɗun fa? Ta ce, "Alhaji, wannan ai caji ne, sai dai ka koma wajen mai POS." Na koma, ya ce bai shigo masa ba. Ina tsaye a gabansa waya ta yi ƙara, na zaro da sauri. Kuɗin saƙonnin wata ne aka cire.