Harshen mara lafiya wani ɓangare ne na maganinsa: abin da ke faruwa a asibitocin Kanada

A ranar 24 ga Fabrairun 1997, hukumar da gwamnatin jihar Ontariyo ta kafa don sake tsara asibitoci ta ba da shawarar a rufe asibitin Montfort da ke Ottawa, babban birnin Kanada. Hujjarta ita ce tsimin kuɗi. Gwamnatin Mike Harris, shugaban gwamnatin jihar, na rage kashe kuɗi a lokacin, kuma a takarda Montfort ƙaramin asibiti ne da za a iya raba marasa lafiyarsa ga maƙwabtansa. Abin da takardar ba ta lissafa ba shi ne, wannan asibiti da wasu mata 'yan cocin Katolika suka buɗe a 1953 shi kaɗai ne a faɗin jihar da ake gudanar da komai da Faransanci, daga mai karɓar kati har zuwa horar da sababbin likitoci.

Jama'a ba su yi shiru ba. Wata tsohuwar magajiyar garin Vanier da ke yankin Ottawa, Gisèle Lalonde, ta jagoranci gwagwarmayar da aka kira SOS Montfort. Ranar 22 ga Maris na wannan shekarar mutum kusan 10,000 suka cika wani babban zaure a Ottawa. Daga nan aka tafi kotu. Kotun farko ta ba su gaskiya a 1999, kotun ɗaukaka ƙara ta Ontariyo ta tabbatar da hukuncin a Disambar 2001, inda ta ce kare marasa rinjaye na cikin ginshiƙan tsarin mulkin ƙasar, ko da ba a rubuta shi ɓaro-ɓaro ba. Gwamnati ta haƙura a farkon 2002. Yau Montfort ya fi da girma, kuma ɗaliban likitanci na Jami'ar Ottawa suna koyon aiki a cikinsa.

Wannan nasara ta cancanci a yi ta tunawa da ita. Sai dai asibiti ɗaya ne, kuma masu jin Faransanci da ke zaune a wajen jihar Kebek, inda mafi yawan jama'a ke jin Faransanci, sun kai kusan miliyan guda, fiye da rabinsu a Ontariyo. Suna warwatse daga ƙauyukan Akadiyawa, wato masu jin Faransanci na bakin tekun gabashin ƙasar, zuwa unguwar Saint-Boniface a Winnipeg, da garuruwan masu aikin katako irin su Hearst da Kapuskasing. Tsohuwar da ke Timmins ba za ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa Ottawa don ta faɗa wa likita inda ke mata ciwo ba.

Akwai wata amsa da aka saba ba su: ai duk kuna jin Turanci, mene ne na damuwa? Gaskiya ne mafi yawansu suna jin harsunan biyu. Amma Turancin sayen burodi daban, Turancin bayyana ciwon ƙirji da tsakar dare daban. Mutum cikin zafin ciwo ko firgici, harshen da ya tsotsa a nono ne ke fara zuwa bakinsa. Ma'aikatan gidajen kula da tsofaffi sun daɗe da sanin cewa mai ciwon mantuwa yakan fara rasa harshen da ya koya daga baya, ya koma ga na ƙuruciya. Dattijon da ya shekara 40 yana aiki da Turanci zai iya wayar gari ba ya gane mai jinyar da ke ce masa ya buɗe baki ya sha magani, sai a rubuta cewa yana da taurin kai, a ƙara masa maganin barci. A fannin lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa, magana ita ce kayan aikin gaba ɗaya.

Kuma batun ya wuce jin daɗin mara lafiya. Wani bincike da aka buga a 2022 a mujallar ƙungiyar likitocin Kanada ya bi diddigin tsofaffi da masu rauni da aka kwantar a asibitocin Ontariyo. Ya gano cewa masu jin Faransanci da likita mai jin harshensu ya duba, yiwuwar mutuwarsu a asibiti ta ragu da kashi 24 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba su samu haka ba. Da wata ƙwaya ce ke ba da irin wannan sakamako, da babu gwamnatin da za ta ce ta yi tsada.

To me ya sa har yanzu ake fama? Dokar harsunan hukuma ta 1969, wadda ta daidaita Turanci da Faransanci, ta ɗaure gwamnatin tarayya ne, alhali asibitoci suna hannun jihohi. Kowace jiha da nata tsarin. Niyu Burunswik, wadda ita kaɗai ce ta ɗauki harsunan biyu a hukumance, tana da hukumomin lafiya biyu tun 2008, Vitalité mai aiki da Faransanci da Horizon mai aiki da Turanci, kuma dole kowacce ta karɓi mara lafiya da harshen da ya zaɓa. Ontariyo na da dokar 1986 ta yi wa jama'a hidima da Faransanci, wadda ta shafi wasu keɓaɓɓun yankuna, amma asibiti ba ya shiga ƙarƙashinta sai an ayyana shi. A wasu jihohin yamma kuwa, sai dai ka yi sa'ar faɗawa hannun ma'aikacin da ya iya.

Masu cewa babu isassun ma'aikata ba ƙarya suke yi ba. Kanada na ƙarancin likitoci da masu jinya ko da Turancin ma, kuma ba za a iya ajiye likitan zuciya mai jin Faransanci a kowane ƙauye ba. An ɗan taɓuka: tun 2006 ana horar da likitoci da Faransanci a birnin Moncton na Niyu Burunswik tare da Jami'ar Sherbrooke ta Kebek, ƙungiyar Société Santé en français mai fafutukar a kula da marasa lafiya da Faransanci kuma tana aiki tun 2002. Amma ina ganin babban giɓin ba na kuɗi ba ne. Asibitoci da yawa suna da ma'aikata masu jin Faransanci, ba su ma san su waye ba, ba sa kuma rubuta harshen mara lafiya a katinsa. Sai a jira shi ya roƙa. Wanda ke kwance a gadon gaggawa ba zai roƙa ba, yana tsoron a ce ya cika fitina ko a ƙara masa jira. Daga baya a duba littafi a ce babu mai nema, don haka babu buƙata. Shi ya sa masu wannan fafutuka suka dage cewa asibiti ne zai fara tayi tun daga bakin ƙofa: gaisuwa da harsuna biyu, alama a rigar ma'aikaci, tambaya ɗaya a wajen yankan kati.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan matsala. A Maraɗi ko Damagaram likita ya yi karatunsa da Faransanci, a Kano ko Sakkwato da Turanci, takardar magani ma haka take fitowa. Wanda ya taɓa ganin an kira ɗan shekara 12 ya yi wa mahaifiyarsa tafinta a kan ciwon mata ya san yawan abin da ake ɓoyewa saboda kunya. Sannan a yanzu Kanada na neman baƙi masu jin Faransanci su zauna a wajen Kebek, kuma da yawa daga Afirka suke zuwa, har da 'yan Kamaru masu ɗimbin yawa. Irin waɗannan ba su da Turancin da za su fake da shi. Ƙasar da ta gayyato mutum saboda Faransancinsa, ya kamata ta tanadi wanda zai saurare shi da harshen ranar da matarsa ta fara naƙuda a Sudbury ko Edmonton.