Ramukan da kuka yi wa dariya

Abin da aka yi wa yarinyar nan ta Gombe jiya ya ba ni haushi matuƙa. Ɗaliba ta ɗora hoton NGC 628, wani makeken tarin taurari (galaxy) da madubin hangen taurari na James Webb ya ɗauko, sai manya masu gemu suka yi mata caa: wai kwamfuta ce ta zana, wai ina aka taɓa ganin sama da ramuka haka a hargitse. To sannunku, masana. Mutumin da bai taɓa ɗaga kai ya nemi Kaza da 'Ya'yanta ba, shi ne yau zai yi wa masu ilimin taurari gyara.

Hargitsin da kuka gani shi ne ilimin. A cikin manyan gajimaren gas masu sanyin da ya kai digiri 260 ƙasa da sifili ake haihuwar taurari, kuma gas ɗin ba ya zama wuri ɗaya. Gudu yake fiye da saurin sauti, yana karo da juna, yana matsewa a wasu wurare kamar gudaji a tukunyar tuwo. Inda ya dunƙule sosai, nauyinsa ya rinjaye shi, ya rufta, tauraro ya kunnu. Hargitsin nan kuma shi ke hana gajimaren ruftawa gaba ɗaya, shi ya sa ɗan kaɗan ne na gas ɗin ke zama taurari. Tun 1981 masanin taurari Richard Larson ya nuna cewa iya girman gajimare, iya tsananin motsin da ke cikinsa.

Shi ya sa ba a haihuwar taurari ɗaya-ɗaya a jere. Gungu-gungu suke fitowa, ƙanana cikin manya, daga baya su watse. Kazar da kakanninmu suka sani ma gungu ce mai taurari fiye da 1,000, shekarunsu kusan miliyan 100. Ramukan da kuka yi wa dariya kuwa, manyan taurari ne suka hura su da iskarsu da fashewarsu, suka ƙara dagula gas ɗin. Hargitsi, jama'a, hargitsi!

Na san me za ku ce: "Wannan zai sauke farashin masara?" Ba zai sauke ba. Musun Arsenal da kuke kwana kuna yi ma bai sauke ba.

Tsakani da Allah, abin da ke ci mini rai yarinyar ce. Ta goge hoton. Ƙanwata, in kina karanta wannan, ki mayar da shi, ki haɗo da sauran hotuna 18 irinsa na James Webb da aka fitar a Janairun 2024.

Af, wai har yanzu babu wata sakandare a Gombe ko Bauchi da ke da ƙaramin madubin hangen taurari? Mai shi ya yi mini magana, in kai yaran unguwarmu kafin hazon hunturu ya rufe sama. Kuɗin a-daidaita-sahu a wuyana.